Vensim PLE: manhajar da ke tilasta wa hujjar baki ta bi ta lissafi

Vensim PLE manhaja ce ta kwamfuta da ake zana matsala a cikinta, a nuna abin da ke haifar da wani abin, a saka adadi, sannan a kunna a ga inda lamarin zai dosa cikin watanni ko shekaru. Kamfanin Ventana Systems na jihar Masachuset a Amurka ne ya yi ta, kuma tun shekarun 1990 take hannun jama'a. PLE ita ce ƙaramar siga, kyauta ga ɗalibi da malami da mai koyo don kansa, amma wanda zai yi aikin kuɗi da ita sai ya sayi lasisi. Tana hawa kan Windows da Mac. Babu ta waya. Ana cike ɗan fom a shafin kamfanin, a turo maka hanyar saukewa ta imel, kuma da zarar ta sauka ba ta ƙara neman intanet. Ga wanda ke aiki inda data ke tsada kuma sabis ke ɗaukewa, wannan kaɗai ya isa ya sa a fara duba ta kafin takwarorinta.

Hukuncin a taƙaice: ta cancanci a sauke ta, kuma a cikin manhajojin kyauta da wuya a sami wadda ta kai ta tsanani wajen kama kuskure. Sai dai rabin aikin kawai take yi, kuma wanda ya buɗe ta tun kafin ya zauna da mutanen da matsalar ta shafa zai fito da zane mai kyau wanda ba kowa ya yarda da shi ba sai shi.

Irin matsalar da ake nufi

Akwai matsalar da ke da kai da gindi: janareto ya ƙi tashi, a kira bakanike. Akwai kuma wadda in ka ja zare ɗaya sai goma su biyo shi. Ma'aikata na barin aiki saboda nauyi ya yi yawa, nauyin kuma na ƙaruwa saboda suna barin aikin. Masanin harkar gudanarwa Russell Ackoff, Ba'amurke, shi ya yi fice a shekarun 1970 wajen raba waɗannan biyun, yana cewa shugabanni ba matsaloli ɗaiɗai suke fuskanta ba, cukurkuɗaɗɗen tarin matsaloli ne da ke cin juna. A 1973 Horst Rittel da Melvin Webber na jami'ar Kalifoniya da ke Bakili suka ƙara da cewa wasu matsalolin al'umma ko ma'anarsu ba a yarda a kai ba, balle maganinsu.

Vensim ta fito ne daga reshe guda na wannan tunani, wanda Jay Forrester ya kafa a jami'ar MIT ta Amurka a tsakiyar shekarun 1950. Abin da ya fara da shi masana'antar kayan gida ce ta General Electric a Kentaki, inda ake ɗibar ma'aikata ana sallama kusan duk shekara uku, ana ɗora laifin kan kasuwa. Da ya bi lissafin da fensir, sai ya nuna cewa yadda kamfanin ke yanke shawarar ɗauka da yin oda, haɗe da jinkirin da ke tsakani, ya isa ya haifar da wannan hawa da saukar ko da kasuwa ba ta motsa ba. Duk abin da manhajar ke yi yau a kan wannan fahimtar yake: abubuwa na taruwa, suna zurarewa, sakamako na dawowa kan musabbabinsa, kuma yana dawowa a makare.

Kayan aikin da ke cikinta

Shafin farko fari ne fat, da jerin ƙananan maɓallai a sama. Komai da Turanci. Huɗu ne za ka yi ta amfani da su. Akwai akwatin da ke wakiltar abin da ke taruwa, wanda za mu kira rumbu: kuɗin asusu, yawan ma'aikata, fayilolin da ke jira. Sunansa a allo Level ko Stock, gwargwadon sigar da ka samu. Akwai bututu mai famfo da ke zuba cikin rumbu ko ya zuƙe daga ciki, wato Rate ko Flow. Akwai Variable, sunan da babu akwati, na adadin da ba ya canzawa ko na lissafin tsakani. Sai kibiya, mai nuna wa ke shafar wa. In ka danna kibiya da maɓallin dama na linzami za ka iya sa mata alamar + ko −, ka kuma sa mata alamar jinkiri.

Mutum zai iya tsayawa a nan, ya yi zanen kibiyoyi kawai ba lissafi. Manhajar za ta karɓa, har ma ta lissafo maka duk zagayen da wani suna ke ciki in ka danna Loops, ta nuna maka bishiyar musabbabansa da Causes Tree. Amma wanda zane kaɗai yake so, akwai inda ya fi nan daɗi. Ƙarfin Vensim sai an danna maɓallin Equations yake bayyana, lokacin da duk sunan da ba a ba shi lissafi ba zai yi baƙi, ya tsaya yana jiranka.

Gwaji da famfunan tuƙa-tuƙa

Hanyar da ta fi dacewa a auna manhaja irin wannan ita ce a ba ta matsalar da kowa ya sani. Ga wata gunduma mai gidaje 2,000 da famfunan tuƙa-tuƙa 40, da kwamitin da ke karɓar kuɗin gyara. Duk adadin da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili, ba daga wani bincike aka ɗauko su ba. Wanda zai yi na gaske sai ya nemo nasa daga littafin ma'aji da bakin bakanike.

Da farko a Model Settings: lokacin farawa 0, na ƙarewa 60, ma'aunin lokaci Month, TIME STEP kuma 0.125. Za mu dawo kan dalilin wannan na ƙarshen.

Rumbuna uku ne. Masu aiki, a fara da 36. Lalatattu, a fara da 4. Asusu, a fara da naira 300,000. Bututun lalacewa na ɗauka daga masu aiki ya kai wa lalatattu, bututun gyara na maido su. Manhajar da kanta take rubuta lissafin rumbu da kalmar INTEG, wato abin da ya shiga a cire abin da ya fita, kai dai ka ba ta adadin farawa.

A ce famfo ɗaya, in gidaje 50 ke amfani da shi, yana yin wata 10 kafin ya buƙaci gyara. Idan wasu sun lalace, jama'a na komawa kan sauran, hannun famfo ba ya hutawa daga asuba zuwa isha'i, roba da sanda na saurin cinyewa. Sai a ƙirƙiri suna, matsi, wanda shi ne gidajen da ke kan kowane famfo mai aiki a raba da 50. Tasirin matsin kan lalacewa ba a miƙe yake tafiya ba, don haka ana amfani da WITH LOOKUP, inda ake zana lanƙwasar da hannu ko a rubuta ta lamba-lamba: matsi 1 ya ba da 1, matsi 1.5 ya ba da 1.8, matsi 2 ya ba da 3, matsi 3 ya ba da 4. Lalacewa a wata ita ce masu aiki sau wannan tasirin, a raba da 10.

Ɓangaren kuɗi: kowane gida naira 200 a wata, gyara ɗaya naira 60,000. Amma ba kowa ke biya ba, kuma mutane na biya ne gwargwadon yadda suke ganin ruwa. Wata lanƙwasar ke nan: in duka famfunan na aiki kashi 80 cikin ɗari na gidaje za su biya, in kashi 75 ke aiki kashi 60 za su biya, in rabi ne kashi 30, in rubu'i ne kashi 10. Kuma ra'ayin jama'a ba ya juyawa rana ɗaya. Wanda ya sha wahalar layi wata shida ba zai buɗe aljihu don an gyara famfo jiya ba. Wannan ake rubutawa da SMOOTH, a ba shi wata 6.

Gyara kuwa abu biyu ke iyakance shi, kuma wanda ya fi ƙanƙanta shi ke mulki, shi ya sa ake sa MIN: lalatattu a raba da lokacin da gyara ke ɗauka, ko kuma yawan gyaran da kuɗin asusu zai iya biya a wata. A fara da lokacin gyara wata 1.

Duka samfurin, wato wannan zanen da lissafinsa, wajen sunaye ashirin ne. Wanda ya saba zai haɗa shi cikin awa ɗaya, sabon shiga ya ware yini guda.

Abin da lissafin ya nuna

Da famfo 36 na aiki, kusan 4.2 ke lalacewa a wata, kashi 72 na gidaje na biya, asusu na samun naira 288,000, kuɗin gyara 4.8 ke nan. Akwai rara, komai na zaune lafiya. Da famfo 30, lalacewa ta hau 4.6, masu biya sun sauka kashi 60, kuɗin ya koma 240,000, gyara 4 kacal. Kowane wata ana samun giɓi, giɓin na ƙara matsi, matsin na ƙara lalacewa, lalacewar na rage masu biya. Da an kai 20, shida ke lalacewa a wata, kuɗin biyu ake tarawa. Tsakanin 36 da 30 akwai wani layi, wajen famfo 33, wanda samansa tsarin ke riƙe kansa, ƙasansa kuma yake gangarawa. A zanen kibiyoyi ba za ka taɓa ganin wannan layin ba. Za ka ga akwai muguwar da'ira, amma ba za ka san a ina take kama mutum ba.

A nan ne SyntheSim ke shigowa, kuma shi ne abin da ya fi komai daɗi a manhajar. Ka danna shi, sai kowane adadi ya sami ɗan majanyi a ƙarƙashinsa, wato maɓallin da ake ja hagu ko dama a rage ko a ƙara adadin, kowane rumbu ya sami ƙaramin zanen layi a kansa. Kana jan majanyin layukan na motsi nan take. Ja lokacin gyara daga wata 1 zuwa wata 2, ba ka taɓa kuɗi ba, ba ka taɓa yawan gidaje ba. Masu aiki za su sauka wajen 31, domin yanzu kusan tara ne ke zaune suna jiran bakanike a kowane lokaci. Talatin da ɗaya kuwa ƙasan layin yake. Watannin farko ba za a ga komai ba, asusu ma zai yi kamar yana ƙoshi tunda ba a kashe kuɗin da sauri. Sai ra'ayin jama'a ya biyo baya, masu biya su ragu, rarar ta ƙare, sannan gangarar ta fara. Wanda ke kallo daga waje zai ce mutanen garin ne ba sa son biya. Alhali abin da ya fara karyewa shi ne tafiyar neman kayan gyara a birni da jiran sa hannun shugaban kwamiti.

Gwaji na biyu ya fi zafi. A ce an riga an faɗa, 20 ke aiki, 20 sun lalace. Wani mai neman ƙuri'a ko wata ƙungiya ta haƙa sababbi 10, abin da za a iya sakawa da PULSE a wata ɗaya. Masu aiki sun zama 30 cikin 50. In jama'a na auna lamarin da kason da ke aiki, kashi 42 za su biya, kuɗin gyara 2.8, lalacewa na 4.6. In kuma da tsawon layi suke aunawa, kashi 60 za su biya, gyara 4, har yanzu bai kai ba. Ta kowace fuska aka duba, sababbin famfunan jinkirta faɗuwar suka yi. Gyara 14 daga cikin tsofaffin kuwa naira 840,000 ne, kuma yana kai adadin 34, saman layin nan na famfo 33. Amma nan ma akwai tarko, kuma SMOOTH ne ke tona shi: ranar da aka gama gyaran, masu biya na nan a kashi 30, don ba su gama yarda ba tukuna. Sai an ajiye wa asusu abin da ya haura rabin miliyan da zai cike giɓin wata goma ko fiye, in ba haka ba a koma gidan jiya kafin yardar ta iso.

Ba wai samfurin ya faɗi gaskiyar wata gunduma ba ne. Abin da ya yi shi ne ya mai da gardamar "a haƙa sabo" da "a gyara tsoho" ta koma tambayoyin da za a iya zuwa a bincika: kwana nawa gyara ke ɗauka a zahiri, kuma wata nawa mutane ke ɗauka kafin su dawo biya?

Inda ake tuntuɓe

Ma'auni shi ne na farko, kuma a nan Vensim ta yi wa sauran fintinkau. Kowane suna sai ka faɗi da me ake auna shi: famfo, Naira, gida, famfo/Month, ko Dmnl ga abin da ba shi da ma'auni kamar kaso. Ka danna Ctrl da U, ta bi lissafin ɗaya bayan ɗaya. In ka rubuta cewa gyara daidai yake da asusu a raba da kuɗin gyara ɗaya, za ta ƙi, don wannan famfo ya bayar, ba famfo a wata ba. Dole ka ƙara wani adadi, lokacin fitar da kuɗi. Mutane da yawa na jin haushin wannan su ƙirƙiri adadin bogi mai daraja 1 don su rufe mata baki. Kuskure ne. Sau da yawa abin da take nema abu ne na gaske da ka manta, kamar nan, inda ta tilasta ka tambayi tsawon lokacin da ma'aji ke ɗauka kafin kuɗi su fita. Haka kuma tana gargaɗi in ka shigar da abu mai ma'auni cikin lanƙwasa, shi ya sa aka raba matsi da 50 tun farko. In ka rubuta gida a wani wuri, gidaje a wani, za ta ɗauke su abu biyu, sai ka haɗa su a Units Equiv da ke cikin Model Settings.

Na biyu TIME STEP. Manhajar ba ta tafiya a sulale, taku-taku take yi, kuma in takun ya yi faɗi sai layuka su riƙa rawa sama da ƙasa, ko rumbu ya faɗa ƙasa da sifili, ka ga famfo −3. Wanda bai sani ba zai ɗauka ya gano wani sirrin tsarin ne, alhali kuskuren lissafi ne. Ƙa'idar da aka saba bi: takun kada ya wuce rubu'in lokaci mafi gajarta a samfurin. Namu mafi gajarta wata 1 ne, don haka 0.25 ne iyaka, 0.125 ya fi kwanciyar hankali. Hanyar tabbatarwa kuma mai sauƙi ce: raba takun biyu ka sake kunnawa da wani sunan gwaji daban, ka ɗora layukan biyu. In sun rabu, takun bai isa ƙanƙanta ba.

Na uku, zagayen da babu rumbu a cikinsa. Ka ce yarda na kawo biya, biya na kawo gyara, gyara na kawo yarda, duka a matsayin Variable. Za ta ƙi kunnawa, ta ce lissafin na cin wutsiyarsa. Tana da gaskiya: a duniya ba abin da ke dawowa kan kansa a daƙiƙa guda, dole akwai inda wani abu ke taruwa. Saƙon kuskuren dai a bushe yake, ba ya koya maka wannan, sai ka riga ka sani.

Sauran ƙanana ne amma suna cin lokaci. Raba abu da rumbun da zai iya zama sifili na tsayar da gwaji, maganinsa ZIDZ ko XIDZ, umarnin rabawa da ke ba da sifili ko wani adadin da ka zaɓa in abin da ake rabawa da shi ya zama sifili. In adadi ya wuce ƙarshen lanƙwasa, manhajar na riƙe darajar ƙarshe ta ci gaba, da ɗan gargaɗin da yawancin mutane ba sa karantawa; a samfurinmu hakan na faruwa da zarar masu aiki sun gaza 14. Ga mai rubuta sunaye da Hausa kuma, a guji karan ɗori: suna irin gyare-gyare sai an sa shi cikin alamar zance, in ba haka ba a lissafi ya zama gyare a cire gyare.

Fuskar manhajar kanta ta tsufa, ba a ɓoye wannan. Zanen layin da take fitarwa ba na nuna wa kwamishina ba ne sai an yi masa kwalliya, kuma daidaita kibiyoyi su yi kyau aikin haƙuri ne. Abin yabo shi ne fayil ɗin samfurin, mai ƙarewa da .mdl, rubutu ne zalla mara nauyi, ana iya tura shi ta WhatsApp, a buɗe shi ko da Notepad a karanta lissafin.

Abin da aka cire daga sigar kyauta

Abu uku ne za ka ji rashinsu in aikin ya girma. Ba za ka iya maimaita tsari ɗaya ga gundumomi goma a dunƙule ba, sai ka kwafa da hannu, don wannan na manyan sigogin kuɗi ne, Professional da DSS. Ba ta nemo maka adadin da ya fi dacewa da bayanan tarihi da kanta, shi ma na manyan ne. Sannan gwajin da ake kunna samfuri sau ɗaruruwa ana sauya adadin da ba a tabbatar da su ba, daga PLE Plus, sigar kuɗi da ke gaba da PLE, yake farawa. Na ukun ne ya fi ciwo, domin a matsalar al'umma kusan duk lanƙwasar da ka zana ƙiyasi ce. A PLE sai dai ka yi da hannu: ka ɗaga kowane ƙiyasi, ka sauke shi, ka ga ko shawarar ta canza. In layin ya matsa daga 33 zuwa 31 amma har yanzu gyara ya fi haƙa, shawarar ta tsaya da ƙafarta. In ta juye, to ka san adadin da ya kamata a kashe kuɗi a auno.

Kada a ɗauka injin na wasa ne don an ba da shi kyauta. Samfurin En-ROADS na sauyin yanayi, wanda Climate Interactive da makarantar Sloan ta MIT suka yi, da Vensim aka gina shi.

Rabin da ba ta iya yi

Koma kan famfunan. Samfurin ya ɗauka cewa kowa ya yarda matsalar ita ce yawan famfon da ke aiki. Je ka tambaya. Matan gida za su ce nisa ne da layin da ke hana yara zuwa makaranta a kan lokaci. Ma'aji zai ce ana zarginsa da cin kuɗi ba hujja. 'Yan ga-ruwa, waɗanda ba su ma cikin zanen, cinikinsu na ƙaruwa ne in famfo ya lalace. Makiyayan da ke shayar da dabbobi da rani ba a lissafa su cikin gidaje 2,000 ba. Wata unguwar kuma ta daina biya ne don an kafa kwamiti ba ɗan cikinta ko ɗaya, abin da ba ruwansa da ko ruwa na zuwa. Ba maɓallin da zai gaya maka ka bar waɗannan a waje. Vensim na duba ko lissafinka ya yi daidai da kansa, ba ta duba ko iyakar da ka shata ta yi adalci.

Wannan ɓangaren wani reshen ne ya tanadar masa, wanda Peter Checkland da abokan aikinsa suka gina a jami'ar Lankasta ta Ingila, kuma kayan aikinsa babbar takarda ce da alƙalami. Kowane ɓangare ya zana yadda yake ganin lamarin, da mutane da gidaje da inda ake rigima, sannan a tambayi wa zai amfana, wa zai yi aikin, wa ke da ikon dakatar da shi, kuma da wane ido ake kallon abin. Tsarin da ya fi aiki shi ne a yi wannan zaman tukuna, a ware maza da mata in hakan zai sa a yi magana, a bar kwamfuta a jaka. Bayan nan a nemi mutane su zana da hannu yadda abu ɗaya ko biyu suka sauya cikin shekaru biyar, ko da ba adadi. Sai mutum ɗaya ko biyu su koma gefe su gina ƙaramin samfuri, su dawo da shi a ja majanyin a gaban kowa. Kunna majigi tun a zaman farko na mai da taron kallon gwanintar mai kwamfuta, dattijon da ya fi kowa sanin tarihin famfunan kuma ya yi shiru.

Akwai kuma jarabar cusa komai. Manhajar ba ta hana ka ƙara suna na ɗari ba. Taswirar matsalar ƙiba da shirin Foresight na gwamnatin Birtaniya ya fitar a 2007 na da abubuwa 108 da kibiyoyi sama da 300. Ta yi amfani wajen nuna cewa ba ma'aikata ɗaya ce za ta magance abin ba, amma ba mai kallonta ya san abin da zai yi ranar Litinin. Samfurin da zai taimaki kwamiti ko ofis da wuya ya buƙaci rumbu fiye da biyar.

Ita da takwarorinta

Kumu ta fi ta kyau nesa ba kusa ba wajen zanen alaƙa. A burauza take aiki, tana ɗauko bayanai daga Excel ko Google Sheets in ka shirya ginshiƙan From da To, tana kuma nuna wane ne cibiyar hulɗa a cikin jama'a. Amma ba ta kunna lissafi a kan lokaci, tana buƙatar intanet, kuma aikin da aka yi a asusun kyauta a buɗe yake ga kowa, abin lura ga wanda zanensa ke ɗauke da sunayen masu rigima. Loopy, wadda Nicky Case ya yi, ta minti goma ce: ka zana da'ira da kibiya ka ga alamu na zagayawa, ta dace da aji, ba ta da ma'auni ko adadin gaske. Insight Maker ce abokiyar gasar gaskiya: kyauta, tana da rumbu da bututu, tana ma da gwajin sauya ƙiyasi da PLE ta rasa, ana kuma raba samfuri da mahaɗi kawai. Sai dai ita ma a burauza take zaune. Stella, wadda ta girmi Vensim tunda a 1985 ta fito, ta fi sauƙin kallo amma cikakkiyarta ta kuɗi ce.

Don haka ɗalibin digiri na biyu, da jami'in tsare-tsare, da ma'aikacin ƙungiyar da ke son gwada shawara kafin a kashe kuɗi, PLE ta ishe su shekara guda ko fiye kafin su ji ƙunci. Su ware mako biyu na koyo, su fara da misalan da ke zuwa tare da manhajar da jagorar da ke ƙarƙashin Help, kada su taɓa tasu matsalar sai sun gina samfurin rumbu ɗaya sun ga ya wuce gwajin ma'auni ba gargaɗi. Wanda abin da yake buƙata shi ne taswirar masu ruwa da tsaki don rahoto, ya nufi Kumu. Mai ba da shawara da ake biyansa kuma ya karanta sharuɗɗan lasisi kafin ya miƙa wa wanda ya ɗauke shi aiki sakamakon da ya fito daga sigar kyauta.